Hannun Daman Elsbeth

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu, nan unguwar Lindenau ta Leipzig, ya san Volkmar Riedel. In bai san shi da suna ba, ya san shi da taga. Kowace safiya, ko da ƙanƙara ake zubawa, sai ka ji tagar hawa na biyu ta yi ƙara, ƙaton mutum mai tumbi ya bayyana da singileti, ƙafa ba takalmi. Ya sunkuya kamar mai ɗaukar buhu, ya miƙe, ya karkata hagu, ya karkata dama, ya buga ƙafa a daɓe har matar da ke hawan ƙasa ta daki rufin ɗakinta da sandar tsintsiya. Daga ƙarshe ya ɗaga hannun dama sama, gwiwar hannun a ɗan karye, kafaɗa a karkace, yatsun kuwa a tanƙware, su ba a dunƙule ba, su ba a shimfiɗe ba. Ya tsaya haka na ɗan lokaci, sannan ya rufe taga.

"Giwa ta gama rawa?" in ji matarsa Bärbel daga kicin. "To zo ka sha kofi kafin ka rushe mana gida."

"Ke dai ba ki san fasaha ba."

"Na san kukan daɓe."

Gado ne, ba taɓin hankali ba. Mahaifiyarsa Elsbeth, wadda ta ƙare rayuwarta tana ɗinke littattafai a wata maɗaba'a, ita ce mai tagar tun asali. A gidan aka haife shi bayan yaƙin duniya na biyu, kuma tun yana tatata yake tsayawa a bayanta yana kwaikwayo. Ba ta taɓa ce masa zo ka koya ba, ba ta kuma taɓa korarsa ba. Takan raɓe ta gefen hagu na tagar, ta bar rabi a wofi, ta yi abinta bakinta gum. Da ta rasu ya gaji tagar, shi kuwa da yake Allah ya hore masa faɗi sai ya cike ta gaba ɗaya.

Abin da take yi ɗin rawar gayya ce ta ma'aikata, ta zamanin da ke tsakanin manyan yaƙe-yaƙen duniya biyu. Samari da 'yan matan masana'antu kan taru a fili bayan an tashi aiki, su tuɓe takalma, ganga ɗaya tal, su motsa tare kamar jiki guda, babu wani gwani da ake kallo shi kaɗai. A makaranta, zamanin Jamus ta Gabas, malamai sun cika wa Volkmar kunne da cewa irin waɗannan ma'aikata su ne jaruman da suka ja daga da 'yan Nazi, alamarsu kuwa dunƙulallen hannu. Sai yaro ya ƙulla zancensa a zuci: Mutti, wato Mama, jaruma ce, hannun da take ɗagawa dunƙule ne, ciwo ne kawai ya hana shi rufuwa.

Don kuwa kowa ya san hannun daman Elsbeth ba shi da lafiya. Mu nan gaisuwar baki ba gaisuwa ba ce. Ka shiga wurin aiki sai ka bi kowa ka ba shi hannu; ka haɗu da maƙwabci a matakala ka ba shi hannu, ko da jiya kun yi cacar baki a kan shara. Ita Elsbeth in ka miƙo, sai ta tura daman cikin aljihun riga ta ba ka hagu, ta ce, "Sanyin ƙashi." Zoben aure da duk matan gari ke sawa a dama, nata a hagu yake. In za su tsallaka titi hagunta na riƙe da jaka, to wuyan rigar Volkmar take cafkewa, ba hannunsa ba. Amma fa da hannun nan take cuɗa fulawa, da shi take matse bargo, da shi kuma take sharara masa mari in ya yi ba daidai ba, irin marin da babu mai sanyin ƙashin da zai iya. Bai taɓa kawo komai a ransa ba. Abin da yaro ya buɗe ido ya tarar, ba ya tambayar dalilinsa.

Volkmar ya yi aikinsa na tuƙin jirgin ƙasa na cikin gari har furfura ta cim masa, hanya ɗaya, daga tsakiyar gari ya tsaya a kasuwar Lindenau, ya wuce, ya dawo. Da ya yi ritaya zaman gida ya ishe shi, ya ishi Bärbel fiye da shi. Sai ya ji labarin jami'a na barin 'yan fansho su zauna a baya su saurari darasi. Gemu ba ya hana ilimi. Ya sayi sabuwar jaka ya tafi. Darasin da ya zaɓa shi ne na zane-zane da waƙe-waƙe da zaman mutane a shekarun nan na tsakanin yaƙe-yaƙe, wato shekarun da uwarsa take budurwa.

Tabɗi, sai abin ya shiga jininsa. Teburin cin abinci ya cika da littattafai. A bakin miyar dankali zai hau ba Bärbel labarin masu zanen da suka riƙa zana guragun sojoji suna bara a bakin otal, da gidajen rawa inda ake zagin gwamnati da waƙa, da maginan da suka rantse sai sun ba talaka ɗaki mai rana da iska. Yakan ce, "Kin san mutanen nan ba su san abin da ke tafe ba? Mu mun sani, su ba su sani ba. Ina kallon hotunansu suna dariya, sai in ji kamar in daka musu tsawa in ce ku gudu."

"Daka wa miyarka tsawa, ta huce," in ji Bärbel.

Malamarsu, Frau Doktor Wendland, mace ce mai natsuwa wadda ba ta kai 'yarsa shekaru ba. Ranar da ta zo kan rawar gayya ta ce abin takaici ne, ba abin da ya rage sai hotuna da 'yan guntayen majigi. Volkmar ya ɗaga hannu daga baya, kunnuwansa sun yi ja, ya ce shi ya iya. Aka ture kujeru. Ya tuɓe takalma a gaban 'yan jami'a ya yi ta daga farko har ƙarshe, kuma ba wanda ya yi dariya. Magana ba ta kwana ba ta kai kunnen kwamitin unguwa, waɗanda ke gyaran tsohon zauren motsa jiki na ma'aikata don a sake buɗe shi da bazara. Suka roƙe shi ya koya wa tsofaffin unguwa su yi ranar buɗewa. Ya amsa da murna, yana jin kamar an ce za a tashi Mutti ta sake tsayawa a gaban jama'a.

Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Frau Doktor, don ta faranta masa, ta je ta nemo majigi biyu da aka ɗauka a nan garin, ta kawo aji.

Na farko na shekarar alif ɗari tara da talatin ne. Fili ne mai ciyawa, hayaƙin masana'antu a baya, maza da mata cikin gajerun wanduna. Suka sunkuya, suka miƙe, suka karkata hagu da dama, suka buga ƙafa. Babu sauti, amma Volkmar ya ji gangar a ƙirjinsa. Ana gab da ƙarshe, kafaɗu sun fara ɗagowa, sai hoton ya yi dabbare-dabbare ya ƙone, bango ya koma fari fat. Ƙarshen ya lalace tun da daɗewa.

Na biyu bayan shekara shida aka ɗauka. Filin nan dai, amma an kewaye shi da tutocin 'yan Nazi. 'Yan mata ne zalla, cikin fararen riguna. Suka sunkuya, suka miƙe, suka karkata hagu da dama, suka buga ƙafa, ko ɗigo ba a canza ba. Wannan kam ƙarshensa lafiya lau yake: kowace ta miƙa hannun dama sama, tafi a shimfiɗe, irin gaisuwar 'yan Nazi. A gabansu akwai wata doguwa mai ja gaba. Fuskarta ba ta fito sosai ba, amma ta ɗan langaɓe kai gefe, irin langaɓewar da Volkmar ya yi ƙuruciyarsa yana kallo ta ƙeya.

"Sababbin masu mulki sun rufe ƙungiyoyin ma'aikata, amma ba su yar da rawar ba," in ji Frau Doktor. Ta ɗan ɗago hannunta daidai ƙirji a dunƙule, ta buɗe shi a hankali. "Iyakar abin da muke zaton an canza ke nan. Yatsu biyar."

Washegari Volkmar ya buɗe taga. Ya yi komai daidai, ya ɗaga hannu, sai ya ɗaga kai ya kalli yatsunsa, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro. Ga su nan a rabi. To hannun da ke son rufuwa ne ya kasa, ko hannun da aka shimfiɗa ne kunya ta tanƙwara shi? Ya sauke hannun kamar ya taɓa wuta.

A wurin gwaji ma abin bai bar shi ba. Herr Kunath, tsohon mai gyaran famfo da ba ya ɓoye magana, ya tsaya yana haki ya ce, "Riedel, wai a ƙarshen nan me za mu yi da hannu? Ni fa ba zan tsaya gaban jama'a da hannu a sama haka rabi-rabi ba. Daga bayan zaure kama yake da gaisuwar nan da doka ta hana, wadda ake kiran 'yan sanda a kanta. Da tsufana a sa ni a jarida?"

"Dunƙulewa za a yi," in ji Volkmar. Bakinsa ne ya faɗa, zuciyarsa ba ta sa hannu ba.

A hanyar gida ya yanke wa kansa hukunci. In ta tabbata doguwar nan Mutti ce, in ta tabbata abin da ya shekara yana nuna wa layi kowace safiya guntun waccan gaisuwa ce, to ba zai kai shi zaure ba, ba kuma zai sake buɗe tagar ba. Ya san abin da hakan ke nufi. Zai sake binne uwarsa, wannan karon ba fure.

Taga ta zauna a rufe. Matar hawan ƙasa, wadda ta ƙarar da sandunan tsintsiya a kansa, ita ce ta fara hawowa tambayar ko lafiya. Shi kuwa kullum yana wani ƙaramin ɗaki a jami'a yana maimaita majigin, ya tsayar da shi daidai fuskar, ya ƙara mata girma. Duk yadda ya matso da ita sai ta ƙara watsewa, ta zama ɗige-ɗige kamar garin barkono a faranti. A gida kuma, da rana tsaka, yana zaune da littafi sai ya ji daɓe ya yi 'yar ƙara ta wajen taga, irin ta ƙafa ba takalmi. Ya rame. Yana jin tsoron uwarsa, yana kuma jin kewarta, bai san wanne ya fi cin sa ba.

Bärbel ta gaji. "Kai dai ka cika wahalar da kanka. Kana tambayar bango alhali ga mai baki? Je ka ga Tante Herta."

Tante Herta ƙanwar Elsbeth ce, ta haura casa'in, tana gidan tsofaffi a bakin kogi. Jiki ya tafi, harshe bai je ko'ina ba. Volkmar ya sayi kek ɗin tuffa ya tafi da la'asar. Ya same ta a kujerar guragu, an lulluɓe mata ƙafafu.

"Wa ya mutu?" ta ce.

"Ba kowa, Tante."

"To me ya kawo ka ranar Laraba? Kai da sai Kirsimeti ake ganin tumbinka. Miƙo kek ɗin."

Ya bari ta ci. Sannan ya ba ta labarin majigin, da fararen riguna, da doguwar da ke gaba. Tana tauna tana kallonsa.

"Ita ce mana," in ji ta. "Wa kake tsammani? Duk Lindenau wa ya kai ta? Ni ina can layi na uku, ba a ganina."

"Ta shimfiɗa hannun?"

"Ta shimfiɗa. Duk mun shimfiɗa. Kar ka zuba mini ido haka, yaro, na san irin kallon nan, jikokina sun riga ka. An rufe ƙungiyarmu, an kama malaminmu, mun daɗe ba mu ji ganga ba. Sai aka ce ku zo ku yi rawa, ga riga kyauta. Muka je da gudu. Ba wanda ya sa mana bindiga, in abin da kake so in ce ke nan."

Volkmar ya ji ɗakin ya matse. Ya miƙe yana laluben hularsa.

"Zauna! Ko a'a, tsaya a tsayen. An ce kullum kana tsorata mutane a taga. Yi in gani."

"Tante, ba ni da..."

"Tuɓe takalmin."

Ya tuɓe. Tsakanin gado da kabad, ƙaton mutum ya sunkuya, ya miƙe, ya karkata, ya buga ƙafa a hankali don kada ma'aikatan gidan su shigo. Ya ɗaga hannun. Tsohuwa ta daina tauna. Ta daɗe tana kallon gwiwar hannun da kafaɗar da yatsun.

"Wayyo," ta ce can ƙasa-ƙasa. "Har da wannan ka ɗauko."

"Shi nake tambaya. Dunƙule ne ciwo ya hana, ko kuwa ɗayan ne?"

"Ciwo! Elsbeth da ke murɗe wuyan agwagwa da hannun nan? Ku dai, da ku da malamanku, hannu iri biyu kawai kuka sani a duniya, na dunƙulewa da na shimfiɗawa. Durƙusa nan ta haguna. Kar ka sauke hannun, bar shi yadda yake."

Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Ta fito da hannunta na hagu daga bargo, ɗan ƙanƙane, ya bushe kamar reshe. Ta ɗaga shi, ta zura shi cikin tanƙwararrun yatsunsa. Ya shiga cif. Ba sai da ya ƙara buɗewa ba, ba sai da ya ƙara rufewa ba.

"Ka gani?" in ji ta. "Haka rawarmu take ƙarewa, kafin fararen riguna. Biyu-biyu. Dunƙule na 'yan jam'iyyar ma'aikata ne, malaminmu ba ya son sa, ya ce mu ba dambe muka zo ba. Kowa da abokin riƙonsa, ku ɗaga tare."

Volkmar ya riƙe hannun. Yana jin sanyin yatsunta a tafinsa.

"Ta uwarka sunanta Recha Landau. Ubanta na ɗinkin rigunan fata a cikin gari. Yahudawa ne. 'Yar firit da ita, ko kafaɗar Elsbeth ba ta kai ba, sai ta yi ɗage sannan. Shi ya sa uwarka ke karya gwiwar hannu ta sauke kafaɗa, don ta kai. Tun suna firamare suke tare. In ka ga ɗaya, duba damanta ka ga ɗayar. Mamanmu har cewa take ta haifi biyu an ba ta gyara."

Ta zare hannunta ta mai da shi cikin bargo.

"Ranar fararen rigunan nan, da aka tashi, muna tsaye a tashar kasuwar Lindenau muna jiran jirgi. Mu da yawa, ga iyaye, ga masu kaki. Sai ga Recha ta tsallako titi. Mun kwana biyu ba mu gan ta ba, don lokacin an fara kallon wanda ke gaisawa da Yahudawa. Ashe ta je ta leƙa ta bayan shinge. Ta zo tana murmushi, ta ce, 'Els, na gan ki, kin yi kyau.' Ta miƙo hannu. Ka san dai mu, ko maƙiyinka ya miƙo sai ka karɓa. Kowa ya yi tsit yana kallo. Uwarka ta dubi hannun, ta dubi mutane, ta tura nata a aljihu."

Can waje wani na tura keken abinci a baranda.

"Hannun yarinyar nan ya daɗe a iska. Har yau ina ganinsa. Daga baya ta sauke, ta goge shi a jikin siket ɗinta kamar ita ce ta yi laifi, ta ce, 'Ba komai, Els.' Ta juya. Ba su sake magana ba. Ana cikin yaƙi, wani hunturu, 'yan Nazi suka loda su a jirgin ƙasa tare da sauran Yahudawa, aka yi gabas da su, ita da iyayenta. Ba wanda ya dawo. Tun ranar da muka ji, uwarka ba ta sake ba ɗan Adam hannun nan ba. Ubanka ma a wurin ɗaurin aure hagu ya samu."

Tashar kasuwar Lindenau. Volkmar ya rufe ido. Duk tsawon aikinsa a nan yake taka birki, ya buɗe ƙofa, ya jira, ya rufe. Mutti kan tsaya a can wani lokaci da jakar cefane, ba ta shiga, sai dai ta ɗaga masa hagu.

"Don me ba ta gaya mini ba?" Muryarsa ta fito kamar ta yaro.

"Kullum da safe tana faɗa. Kai ne kake tsaye a bayanta." Tante Herta ta share baki. "Kar ka je ka mai da ita waliyyiya, ka ji ko? Ta shimfiɗa hannu, ta kuma ɓoye hannu, duka ita ce. Ni kuma ina tsaye a gefenta da nawa hannuwan biyu, ban miƙa ko ɗaya ba, na kuma ci gaba da gaisawa da duniya lafiya lau. Sauran kek ɗin nan bar mini shi."

Da ƙafa ya koma gida, bai iya shiga jirgi ba. Ya tarar da Bärbel na feraye dankali, ya zauna ya faɗa mata duka. Karon farko tun aurensu ba ta da abin tsokana. Ya yi kuka, kukan haushi da na tausayi a haɗe. Jarumar da ya riƙe tun yana yaro ta tafi, ba za ta dawo ba. Wadda ta rage mace ce da ta ji tsoro rana ɗaya a bakin titi, ta kuma ƙare rayuwarta da hannu a sama tana jiran a karɓa.

Ya kai wa Frau Doktor labari. Ta sa aka sake kunna majigin farko, suka tsayar da shi gab da inda ya ƙone. Sai ga shi, abin da suka kalla sau da yawa ba su gani ba: layukan sun matso biyu-biyu, kuma rabin mutanen kafaɗar hagu suke ɗagowa. Ta ce, "Ikon Allah. Muna neman dunƙule, shi ya sa ba mu gani ba."

A wurin gwaji ya tara tsofaffinsa ya ce ƙarshen ya canza, kowa ya nemi abokin riƙo. Herr Kunath ya dubi Frau Pietsch, wadda suke gaba tun kan maganar wata bishiyar lambu, ya ce, "Wato hannun wannan zan riƙe? Gara 'yan sandan." Ta ce, "Ka wanke shi tukuna, mai famfo." Suka riƙe.

Bärbel ta ja shi gefe. "Kai fa? Kai kaɗai ne a gaba. In kana so in tsaya maka, zan tuɓe takalmi, ko da unguwa za ta yi mini dariya."

Ya dafa kafaɗarta. "Na gode. Wurin da mai shi."

Rana ba ta ƙarya. Ranar buɗewa zaure ya cika, yana warin sabon fenti, an turo Tante Herta har layin gaba. Kafin a buga ganga Volkmar ya fito, ƙafa ba takalmi. An ba shi damar jawabi, amma abin da ya faɗa bai fi numfashi biyu ba. Ya ce ya koyi wannan rawa a wurin uwarsa Elsbeth, wadda ta yi ta a ƙarƙashin tutar ma'aikata, ta kuma yi ta a ƙarƙashin waccan tutar. Ya ce abokiyar riƙonta sunanta Recha Landau, 'yar garin nan ce, an tafi da ita ba ta dawo ba. Sunan ya fita ya kewaye zauren. Rabon da a kira shi da ƙarfi a Lindenau tun kafin a haifi yawancin waɗanda ke zaune.

Ganga ta tashi. Tsofaffi suka sunkuya da nishi, suka miƙe, suka karkata hagu da dama, wasu ba a tare ba, suka buga ƙafa. A ƙarshe hannuwa suka tashi biyu-biyu a sarƙe. Volkmar na gaba shi kaɗai, gwiwar hannu a karye, kafaɗa a sauke daidai tsawon ƙaramar mace, yatsu a tanƙware a kan wofi. Ba wanda ya yi tunanin 'yan sanda. Kowa ya ga abin da babu a wurin. Aka daɗe ba a tafa ba, shi kuma bai sauke ba. Tante Herta ta kau da kai tana kallon bango.

Tsohuwar ba ta ga wata bazarar ba. Volkmar kuwa har yanzu yana zuwa jami'a da jakarsa, sai dai ya daina cewa zai daka wa mutanen cikin hoto tsawa. In zai je kasuwa, kafin tashar yake sauka ya ƙarasa da ƙafa. Taga ta koma buɗewa kowace safiya, matar hawan ƙasa ta koma ga sandar tsintsiyarta. Amma in ka ɗaga kai za ka ga ya daina cike ta. Da duk faɗinsa, yakan matse jikinsa ya raɓe ta gefen hagu, ya bar rabin a wofi.